Shingen Tudose

Daren Talata iska ta sauko daga tsauni,
ba sallama, ba neman izini.
Da asuba na ja ƙofa
sai na tarar da wata ƙofar, fara fat, ba mariƙi.

Muka haƙa.
Kowa daga cikin ɗakinsa ya haƙa, kamar gara,
wani da shebur, wani da murfin tukunya,
tsohuwa Safta da farantin miya.

Hanyar Buzău ba toshewa ta yi ba,
ɓata ta yi.
Inda gada take, tudu.
Inda kwana take, shafe.
Kawunan turakun lantarki kaɗai suka leƙo,
wayoyinsu a zube kamar zaren da ya kuɓuce wa masaƙi.

Motar madara ba ta zo ba.
Su kuwa shanu ina ruwansu da hanya?
Safe mu tatsa, yamma mu tatsa,
garewani suka cika, bokitin wanka ya cika.
Ran kwana na uku na zubar a bayan garke,
fari a kan fari,
asarar da ko tabo ba ta bari.

Rediyo ya ce ana share babban titi.
Mu na lungu, a yi haƙuri.
Burodi ya ƙare a kantin Nae,
sai gishiri da ashana da labari.

To, ga Tudose, ga Ghiţă.
Shekara goma sha ɗaya ko gaisuwa babu,
a kan shinge da aka matsar taki biyu
da itacen tuffa guda, mai tsami ma.

Ran Juma'a Ilinca ta goge taga da gwiwar hannu,
ta ce wa mijinta:
yau babu hayaƙi a rufin mutumin nan.
Ghiţă bai amsa ba.
Ya gama shayinsa tukuna.
Sannan ya ɗauki shebur.

Ya bi ta kan shingen bai sani ba,
dusar ƙanƙara ta haɗiye shi har kai.
Awa huɗu yana haƙa.
Ya tarar da shi a ƙudundune gefen murhun da ya mutu,
ya ƙone kujera, ya ƙone ƙofar kabad,
saura akwatin marigayiya matarsa,
shi ya kasa.

Ya goya shi kamar buhun dankali.
A tsakiyar fili, haƙora na kaɗawa,
Tudose ya ce a kunnensa:
kana taka mini gona.
Ghiţă ya ce: nuna mini ita.

Kwana takwas motar shara ta iso,
direban ido jajir, yana neman ruwan zafi.
Muka yi masa tafi kamar ango.

Yanzu rufi ya fara ɗiga.
Jiya na ga kan turke ɗaya ya ɓullo,
baƙi, a jiƙe, a karkace.
Su ma sun gani.
Suna zaune a benci guda,
ba wanda ya ce komai.