Sha Shida

Ƙarfe uku na dare a Tallinn,
ƙanƙara ta kama bakin taga.
Ülle Rebane na gaban allo uku
da kofin gahawa da ya huce tun ɗazu.
Aikinta sauraron injuna suna kiran juna,
wannan a nan, wancan a Helsinki,
teku a tsakani, su ba su san da teku ba.

Na nan ya ce: kama wa mutum kujera a jirgin ruwan safe.
Na can ya amsa da lamba, ba dogon zance.
Sifili: an yi, wuce.
Abin da ke sa ɗan makaranta kuka
shi ne albishir a ɗakin nan.

Biyar: na duba, babu.
Bakwai: na san ka sarai, amma ƙofar ba taka ba ce.
Takwas: rabonka ya ƙare, ka cika roƙo.
Sha huɗu: ba na nan yanzu, ka dawo.
Wannan ba ta ba ta tsoro.
Ka jira daƙiƙa ɗaya ka ƙwanƙwasa,
ka jira biyu, ka jira huɗu, ka jira takwas.
Mai haƙuri shi kan dafa dutse,
amma in kowa ya buga a lokaci guda
ƙyauren ne zai karye.

Huɗu ce mai hana ta barci.
Wa'adi ya cika, amsa ba ta zo ba.
Ko saƙon ne ya nutse a hanyar zuwa,
ko an yi aikin, amsar ta ɓace a dawowa,
lambar ba ta faɗa.
Bara a kan huɗu suka sake aika kira,
aka ciri kuɗin wata tsohuwa sau biyu:
kujera biyu ga mace ɗaya
mai zuwa jana'izar ƙanwarta.
Ülle ce ta rubuta takardar ban haƙuri.
Tun ranar kowane kira da tambarinsa,
in ya zo na biyu a gane shi, a ce ai an yi.

Biyu kuwa, "ban sani ba",
Priit na teburin gefe ya ce lambar raggo ce,
kwandon zuba duk abin da aka ƙi tonawa.
A ofis ta yarda da shi.

Da gari ya waye ta miƙa aiki,
ta tsaya a tashar taragon lantarki
ta kira gidan tsofaffi a Kärdla.
Aka kai wa mahaifinta waya,
mutumin da ya shekara talatin yana fito da mutane tsibiri.
Ta ce: Baba, ni ce.
Numfashi. Rediyo a bayansa na faɗin yanayin teku.
Ya ce: Wace ce?

Sha shida ke nan.
Bakwai ko ba komai ta san fuskarka.
Sha shida cewa take: ban san mai magana ba, kawo shaida.
Ta kawo.
Sunan karensu da ya mutu,
shuɗin kwalekwale mai yoyo ta baya,
tabon ƙugiya a babban yatsanta,
miyar kifi ta ranar Lahadi da gishiri ya yi wa yawa.
Shiru ya yi tsawo.
Da inji ne da tuni an yanke.
Ita ba ta sa wa'adi ba.

Can ya ce: Iskar yamma ce yau,
kada ki fita ba hula.
Sai layin ya katse.

Ta tsaya da waya a kunne.
Da ita yake, ko da wata yarinya
da ya bari a bakin gaɓa shekara arba'in baya?
Ta bi jerin a ka, daga sifili har ƙarshe,
ba wadda ta ɗauki wannan.
Ta tuna Priit da kwandonsa.

Tarago ya zo, ta bar shi ya wuce.
Ta laluba jaka ta ciro hular ta sa.
Gobe za ta sake kira.
Irin wannan, ko ya isa sau biyu,
ba a cirar wa kowa ko sisi.