Taga ta Takwas

A Darlington, bayan layin gidajen jan bulo,
akwai garejin da ƙyaurensa ba ya rufuwa
sai an taimaka masa da ƙafa.
Mota ta bar shi shekara ashirin.
Taragai ke kwana a ciki yanzu,
kowanne bai wuce taƙi da ɗan ƙari ba.

Mai garejin, Desmond Thirkell,
ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran manyan.
Da aka rufe ma'aikata sai ya koma kan jikokinsu.
Bara hannunsa ya fara rawa.
Na kawo kwamfuta da idon da bai gaji ba,
shi kuma komai da komai.

Milimita huɗu, ƙafa guda ke nan.
Da wannan mudun muke auna duniya.

Taragon da muke so mun same shi a wata gona,
ba ƙafa, ba dogo, kaji sun gaje shi.
Ruwa na sauka, ina riƙe da bakin awo,
yana kira, ina rubutawa, takarda na jiƙewa.
Gefe guda ciyawa ta haɗiye, an kuma dafe shi da katako.
Muka ƙirga tagogi.
Bakwai.

Wata uku ina ja masa layi.
Kowane ƙyaure, kowace ƙusa mai girman ƙwayar gero.
Aka ɗora zanen a fallen tagulla,
ruwan asid ya ci inda muka ce ya ci,
ya bar mana bango, rufi, matakala,
shimfiɗe kamar rigar da aka yanka ba a ɗinka ba.
Kwali sittin muka ɗaure,
kowanne da takardar bayani:
lanƙwasa nan, kada ka yi gaggawa,
dalma kaɗan ta isa.

Sai wasiƙa daga Shildon,
rubutun hannu mai jingina kamar tsohuwar katanga.
Enid Raistrick, shekara tamanin da ɗaya.
Jikanta ya saya, ya harhaɗa, ya kai mata.
Ta ce ya yi kyau.
Ta ce amma ina ƙaramar tagar ƙarshe,
inda mahaifinta, mai gadin jirgi,
yake leƙo kai duk Asabar in sun zo gada,
ita tana ƙasa tana ɗaga masa hannu?
Ga hoto. Ga hularsa. Ga tagar.

Desmond ya cire tabarau ya goge, ya sake gogewa.
Shayinsa ya huce.
Na ce, mutum hamsin da tara ba su lura ba.
Na ce, sabuwar tagulla kuɗi ce, kuma hunturu ya zo.
Na ce, wa zai ƙirga?
Ya tura mini hoton da ɗan yatsa,
bai ce komai ba.

Daren nan na buɗe zanen.
Tagar ba ta kai farcen ƙaramin yatsana ba,
amma da na huda mata wuri
sai ƙyaure ya matsa, kujera ta matsa,
duk bangon ya nemi sabon lissafi.

Na farkon da ya fito, shi ya ce zai haɗa.
Na riƙe masa wuyan hannu, ya riƙe ƙarfen dalma,
hayaƙi siriri ya tashi tsakaninmu.
Ya ƙone babban yatsa, ya zagi magagari,
ya shafa jan fenti sau uku da burushi mai gashi goma.
Cikin tagar ya zaunar da ɗan mutum na roba
wanda na yanke wa hannu na sake liƙawa a sama.

Mun aika mata ranar Talata.
Saura ambulan hamsin da tara a kan benci,
ni ke rubuta adireshi,
shi ke lasar kan sarki.