Amshi, Tahi

Tun ƙarfe uku nake tsaye gindin dutsen Garhanga,
ina ɗaga ƙafa ina saukewa
kamar zakaran da ya taka garwashi.
Ƴan Madawa sun wuce. Ƴan Ƙonni sun wuce.
Duk tocilar da ta ɓullo daga kwazazzabo
sai in ce ga Sahabi,
sai ta gifta da fuskar wani.

Da ya iso, ba gudu yake ba,
faɗuwa ce yake ta ɗaga wa rana.
Gwiwa jina-jina, takalmin hagu ya wage baki.
Mutumin da ke kwana ban ruwan albasa bai ce wash ba,
yau kalma biyu suka rage masa:
“Amshi. Tahi.”

Guntun kalgo ne, bai fi taƙi ba,
Ige ta naɗe shi da jan ƙyallen tsohon kallabinta.
Ya zo da ɗumi, ya zo a jiƙe:
zufar Bizo tun daga Tamaske,
ta Sahabi a bisanta.
Ban taɓa riƙe bashi mai santsi haka ba.

Sai hawa.
Marmara na zamewa ƙarƙashin sawu,
in yi taku uku, dutse ya cire ɗaya, harajinsa.
Waɗannan jerin duwatsu masu tare ruwa,
innata na cikin matan da suka jera su,
gammo a ka, ni a goye.
Na ce musu: kun san ni fa.
Ba su sassauta ba.

Tsakiyar hawa tocilata ta mutu,
batirin kasuwar Kaita, Allah ya isa.
Na tsaya ina lalube da yatsun ƙafa,
kalgo a haƙora.
Wani dogo ɗan Illela, lamba goma sha ɗaya a ƙirji,
ya zo zai wuce, bai wuce ba.
Ya karkato haskensa gabana.
Ba sallama, ba suna.
Muka hau kamar shanu biyu a karkiya ɗaya,
numfashinsa na ja, nawa na turawa,
ƙaya na yagar mu daidai wa daida.

A bisa fako iska ta mare mu.
Gabas ta yi jan baki,
can ƙasa fadama ta shimfiɗa fangalinta kore shar,
injin ban ruwa na tari shi kaɗai.
Ya kashe tocila ya ce:
“Gari ya waye, kowa tashi ta fisshe shi.”
Kafin in haɗa godiya
bayansa kawai nake hange.

Wanda ya ce gangara hutu ce
a mota ya gangara.
Gwiwa na cewa tsaya, dutse na cewa zo,
farcen babban yatsa ya yi sallama da ni
wajen wata rijiya inda yara ke ihu
suna kirana da sunan da ba nawa ba.
Na amsa.

Ga Ige gindin gawo,
malamar lakwal, ta ɗaure siket bisa wando,
hannunta a miƙe tun ina nesa.
Na so in gaya mata ɗan Illela,
in gaya mata inna da duwatsu.
Abin da ya fito: “Amshi.”
Ragowar ta riga ta sani.

Na bakwai muka zo, cikin goma sha biyu.
A Buza, bayan la'asar, Bizo na jiƙa shayi,
muna lissafin farce: huɗu muka bari a hanya.
Sahabi ya yi barci da gurasa a baki.
Na nemi dogon, an ce motarsu ta tashi.

Ige ta miƙo mini kofi,
sai na ga hannuna na dama
har yanzu a dunƙule yake,
da hagu na karɓa.