Faifai na Shida

A Valparaíso, can ƙasan tudu,
inda jiragen ruwa ke kuka da asuba,
akwai gidan silima mai warin gishiri da jiƙaƙƙen katako.
Don Baldomero ne mai majigi,
yatsunsa na dama huɗu ne, injin ya ci guda.

Ina ɗan shekara tara ya fara haska mana fim ɗin.
Baƙi da fari. Wani mai raba wasiƙu
ya ga abin da ba a so a gani a bakin ramin ma'adinai,
sai ga mutum biyar a bayansa, da karnuka uku.
Iyakar labarin ke nan.
Saura duk ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Ba ya magana. Da wa zai yi?
Ba goge, ba ganga, numfashinsa ne kiɗan,
da ƙarar tsakuwa tana gangarawa.
Taɓo ya haɗiye masa takalmin hagu,
ya yage jakar wasiƙu ya naɗe ƙafar.
Ya sha ɗanyen ƙwan tsuntsu a tsaye.
Ya kwanta a rafin ƙanƙara, kara a baki,
karnuka na shinshina daidai saman kansa,
mu ɗari biyu a duhu, ba mai ko tari.

An ce waiwaye adon tafiya.
Ban da wannan tafiyar.
Doña Fresia mai gyaɗa, ta gan shi sau talatin,
amma duk sanda ya juya wuya sai ta miƙe:
“Ɗan nan, dubi gabanka!”

Faifai biyar muke da su.
Na shida ya ɓace a jirgi, wai, ko a kwastan.
Yana isa bakin kwazazzabo,
gadar igiya a tsinke, haushi na matsowa,
sai allo ya yi fari fat.
Baldomero ya kunna fitila, ya leƙo ta ’yar tagarsa:
“Ku je gida ku ƙarasa masa.”

Muka yi ta ƙarasawa.
Babana ya ce ya faɗa, talaka ba ya tsira.
Inna ta ce ya yi tsalle, ta buga cokali a tebur.
A shagon aski an taɓa ba hammata iska a kansa.
Ni kuwa kullum dare sabuwar hanya nake ba shi.

Jiya jikata Rayén ta zo da tikiti biyu.
An samo shi, in ji ta, an wanke, cikakke.
Shekara sittin. Na ɗauki sandata.
Baldomero na ƙasa, Fresia na ƙasa,
gidan ma ya zama kantin takalma,
a wani zaure mai sanyi muka zauna.

Bai faɗa ba. Bai yi tsalle ba.
Sauka ya yi.
Minti goma sha ɗaya, yatsa bayan yatsa,
kumatu manne da dutse,
kyamara ba ta ko ƙifta ba.
A sama, tsohon cikinsu ya sauke bindiga,
ya daɗe yana kallo, ya kira karnukansa.

Shi kuwa da ya dira, ya kwance ƙafa,
ga wasiƙa guda ta manne da jini.
Ya karanta adireshin.
Ya miƙe yana ɗingishi, ya nufi can.

Rayén ta ce, “Kaka, kuka kake?”
Na ce sanyin ɗakin ne.

Matakala ɗari da arba'in ne zuwa gidanmu.
A ta sittin na tsaya, na dafa bango,
na ji numfashin nan, sak, a ƙirjina.
Mai bina ba ya tafe da karnuka,
ba ya kuma sauri.
Ta ce mu huta.
Na ce a'a, ’yar nan, riƙe min sandar,
akwai ƙarfe a gefe, zan kama.