Shafi na Huɗu da Shafi na Tara

A ofishinmu na Uliastai, hawa na biyu,
na shimfiɗa taswirar lardi bisa tebur,
na danne kusurwa guda da kofin shayi,
guda da dutsen da na tsinto a rafi
tun rafin yana gudu.

Takardar da aka aiko daga babban birni
ta raba musibu gida-gida.
Fari yana shafi na huɗu,
guguwar dusar ƙanƙara tana na tara.
Tsakaninsu gobarar daji, girgizar ƙasa, annobar dabbobi,
kowa da gurbin da zan sa masa maki,
daga ɗaya zuwa biyar.

Ran Asabar na hau babur na je wurin babana.
Luvsanjav, shekara saba'in da ɗaya,
yana tsugune bayan tanti yana taɓa awaki.
Bai ɗago ba. Ya kama hannuna
ya ɗora a haƙarƙarin wata baƙar akuya.
Na ƙirga ƙasusuwan da yatsa, ba wanda ya ɓuya.
Watan takwas ke nan,
lokacin da ya kamata kitse ya rufe su.

Ya ce, Tsevelmaa, wa ya raba muku su?
Dabba ɗaya ce.
Farin nan kanta ne da ta leƙo,
wutsiyar tana bayan tsauni, fara fat.
Ciyawar da ba ta kai idon sawu ba,
in ƙanƙara ta kwanta a kanta ta daskare,
da wane ƙofato za a tono ta?

Na tuna shekarar da nake aji uku.
Kwana goma sha tara hanya a toshe.
Mun shigo da 'yan raguna cikin tanti,
inna ta yanka bargon aurenta ta ɗaura musu.
Da safe baba yakan fita da sanda,
ya dawo bai ce komai ba,
ya ƙara kashin shanu a murhu.
Tumaki ɗari huɗu muka shiga da su.
Sittin da biyu suka ga sabon tsiro.

Litinin na koma kan tebur.
Na kira gundumomi ɗaya bayan ɗaya:
dami nawa na ingirici ke rumbunku?
Byambasuren na Otgon ya yi dariyar da ba ta daɗi,
ya ce rabin na bara, shi ma rabin ƙaiƙayi.
Motar share hanya guda ce,
tayarta ta baya tana jiran kuɗi tun bazara.
Na ja jan alƙalami a mashigin tsauni uku
inda iska ke tara ƙanƙara tsayin mutum,
na rubuta: a kai dusa da man dizal can ƙetare
kafin watan goma ya raba,
a sayar da tsofaffin dabbobi tun suna da farashi.
Na san wannan layin ba mai so.
Babana ma ba zai sayar da goɗiyarsa ba,
ko zan kwana ina magana.

Da zan rufe fayil
na cire ƙusar takardun,
na ɗauko shafi na tara na manna shi a bayan na huɗu.
Shugabana ya duba ta saman tabarau,
ya ce ba haka tsarin yake ba.
Na ce haka lardin yake.
Ya daɗe shiru, sannan ya nemi biro.

A waje rana tana dukan kwanon rufi,
yara suna shan askirim a bakin titi.
Na saya wa baba sabon batirin rediyo
da buhun gishirin dabbobi biyu,
na ɗaure su a bayan babur.