Karkatattu Ne Suka Rage

Ran Laraba, da la'asar sakaliya,
Baffa Sallau ya ce in riƙe masa sanda,
akwai wurin da yake so ya gani
kafin yanar idonsa ta gama rufewa.

Muka sauka daga adaidaita a bakin kwalbati,
muka bi ta bayan masu faci,
ta gefen kududdufin da leda ta cinye,
sai inuwa ta sauko mana a ka
kamar an buɗe bakin randa.

Shekarata talatin a Kano,
ban san birni ya ɓoye sauran kurmi ba.
Kanya, tsamiya, maɗaci mai kogo,
jemagu a rataye kamar takalma a rumfar baduku,
ƙasa da laushi, ganye kan ganye,
har hon ɗin titi sai da ya cire takalmi ya shigo.

Baffa bai ɗaga kai ba.
Ƙasa yake nema.
Sandarsa ta ƙwanƙwasa wani abu, ya tsaya.
Kututture ne, baƙi, da faɗin tabarmar sallah,
gara ta yi masa ɗinkin hula a gefe.

Ya ce: wannan nawa ne.
Ni da Jatau, zarto ɗaya, shi can, ni nan,
kwana uku muna ja-in-ja.
Gaba huɗu ne kaurinsa, na auna da ƙirjina.
Da ya faɗi, kajin unguwa uku suka yi kuka,
ɗan kwangila ya ba mu sule bakwai
da goro marsa.

Ina ya tafi? na ce.
Ya ce: wani ya hau jirgin ƙasa,
wani ya zama bencin kotu,
wani kina tura shi kullum da ƙafa
in kin dawo hannunki da cefane.
Ƙyauren zaurenmu.
Ban taɓa yi masa sallama ba.

Muka ƙara gaba yana ƙirga su da sanda,
goma sha ɗaya, goma sha biyu,
kamar mai neman kabarin 'yan'uwa
a maƙabartar da ba allo.

Na ce: to waɗannan na tsaye fa, Baffa,
tausayi ne ya sa kuka bar su?
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Wane tausayi, Hansatu?
Miƙaƙƙu muka fara ɗauka.
Wannan ƙusumbi gare shi,
wancan cikinsa gidan zuma ne,
waccan tsamiyar kowa ya ce da masu ita.
Ba su yi katako ba, shi ya sa suka tsufa.

Na dubi bayansa da ya lanƙwashe,
na yi shiru.
Jatau, an ce, dogo ne sambal kamar giginya,
bai kai arba'in ba.

A kututture na ƙarshe
toho biyar sun fito daga gefe,
sun yi kauri, sun fi ni tsawo,
sun kewaye ramin uwarsu kamar masu cin tuwo.
Baffa ya lalube su ɗaya bayan ɗaya.
Ya ce: ashe bai ji zarton ba.
Can kuma ya ce: a'a, ya ji.

Da za mu fita na ga jan fenti
a jikin maɗacin nan mai kogo,
lamba da kibiya, ɗanye, har ya kama min mayafi,
ga turakun masu awon fili a cikin ciyawa.
Ya ce: me kika tsaya kallo?
Na ce: ƙadangare ne, Baffa.

Aka kira magariba daga masallatai huɗu,
jemagu suka balle igiyarsu suka yi yamma.
A gida na ajiye kaya a ƙasa
na buɗe ƙyauren da hannu biyu.