Mai Ƙanƙara a Kurna

Ƙarfe uku, an ɗauke wuta,
janareta na tari a bayan shago,
ina saran ƙanƙara da guntuwar adda,
ta ɗari biyu, ta ɗari uku, mai zoɓo na jira.
Wani ɓalli ya fantsamo, ya faɗa mini a wuyan riga,
ya gangara gadon baya,
sai ga ni can.

Can, inda dutse ke sa farar riga wata biyar bai tuɓe ba.
Tukwane na wanke a otal ɗin kan tudu,
hannu ya tsage, ya warke, ya sake tsagewa.
Mu shida a ɗaki, gado bisa gado,
safa na bushewa a kan ƙarfen ɗumama ɗaki,
warinta bai san ƙasar kowa ba.
Garin kwaki da ƙuli-ƙulin Gwaggo Tasalla a ƙasan jaka,
taliyar leda safe, taliyar leda dare,
ko shayi zan saya
sai na juya kuɗin zuwa naira, in fasa.

Pemba, ɗan Nefal mai yanka albasa, ya ce:
Ran Talata mu ma'aikata ba ma biyan kujerar hawa.
Ya aro mini allo mai ɓantararren gefe,
takalmi ya fi ƙafa, na cusa jarida,
rigar sanyi ta wani baƙo ce da ya mance bara,
har da rabin cingam a aljihu.

Allon da na sani, rubutu ake a kansa.
Wannan kuwa ni ya dinga rubutawa a ƙasa.
Na faɗi ta goshi, na faɗi ta ƙeya,
na ci dusar ƙanƙara har ta hanci,
'yan shekara biyar na giftawa ta gabana
kamar 'yan adaidaita a Ƙofar Ruwa,
ba sannu, ba waiwaye.
Da dare in yi sallah a zaune,
Pemba na dariya yana shafa mini man zafi.

Ya ce: Tasi'u, daina kallon ƙafarka.
Kalli inda za ka, ƙafa za ta biyo.

Talata ta tara.
Ban san me na yi daidai ba.
Gwiwa ta saki, kafaɗa ta juya,
allo ya kwanta a gefensa ya ce shuuu,
na karkata hagu, dutse ya yarda,
na karkata dama, bai musa ba.
Ba hon, ba bashi, ba tukunya,
daga ni sai numfashina yana fita fari.
Na buɗe baki na ƙwala: Kurna!
Bishiyoyi suka tsaya shiru,
ba wanda ya san wa nake kira.

Biza ta ƙare kafin dutsen ya tuɓe riga.
Abin da na tara ya zama firiza biyu,
da janaretan nan mai tari,
da gwiwar hagu da ke rigan kowa sanin hadari.
Abin da na taka kyauta, na kwanta a kai,
yau shi nake ƙullawa a leda,
ina roƙon kada ya narke kafin la'asar.

Ga tulin yashi da tifa ta juye a ƙofar Alhaji Mamuda.
Yaron maƙwabta, Nazifi,
ya fasa jarka, ya tsaya a kai, yana sulalowa,
taku biyu sai ƙasa, taku biyu sai ƙasa,
bakinsa duk yashi.
Ban san sanda na ajiye adda ba.
Kai, Nazifi! Ɗago kai!
Kalli inda za ka!

Mai zoɓo ta buga kanta da kwano:
Malam Tasi'u, kuɗina na narkewa fa.